Tururuwa a Ludayin Nono

A zamanin da na taso, idan aka haihu a lungunmu na Ƙofar Mazugal ba sai an aiko ba, kunne ne yake fara kai wa mutum labari. Tun da sanyin safiya za ka ji gatari yana cin itace a ƙofar gida, mai faskare yana nishi da kowane sara. Daga nan sai guga a rijiya, a ja a juye, a ja a juye, har babbar tukunyar wanka ta cika. Kafin hantsi hayaƙi ya tsallako katanga da ƙamshin ganyen darbejiya, sai kuma ƙarar ganyen nan a jikin maijego, fat, fat, da ihun da take ta haɗiyewa in haihuwar fari ce. Turmi kuwa ba ya hutawa, ga dakan yaji, ga surfen geron kunun kanwa, mata uku a turmi guda suna lugude. Innarmu takan dakata da tankaɗe ta karkata kai, ta ce, "An sauka a gidan Malam na bakin rijiya, ku miƙo mini mayafina." Ban taɓa ganin ta kuskure gida ba.

Yanzu sai a haihu a bayan katangarka ba ka sani ba, sai an turo hoton jariri ta waya, shi ma in kana da mai duba maka. An rufe rijiyoyin, an shafe tsakar gida da siminti, turmina yana kife a lungu kaji suna hawa. Da jikata ta dawo wurina wankan jego, don uwarta ta rasu tun tana ƙarama ni na riƙe ta, na ɗaura ɗamara zan yi mata irin wanda aka yi mana. Sai na ga ta kunna gas, ta dafa ruwa a 'yar tukunyar da ko tuwon mutum biyar ba za ta ɗauka ba, ta sirka shi har ya zama abin wanke hannu, wai ita nan ta yi wankan jego. Na ce, "Wannan ai alwala ce, 'yar nan." Ta yi dariya ta ce, "Kaka, so kike ki dafa ni?" Na ƙyale ta. Na tsufa, gwiwoyina ba za su iya da tukunya ba ko da ta yarda, kuma babu Goggo ko ɗaya da ta rage da zan kira.

A kwana na huɗu da haihuwar ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsince shinkafa, sai na ji kukan jaririn ya sake. Na san kukan yunwa, na san na ciwon ciki, na san na rigima kawai, 'ya'ya shida na shayar. Wannan daban ne. Zai kama nono da zafinsa kamar zai cinye shi, ya ja sau biyu ko uku, sai ya saki da tari, ya banƙare, ya tsanyara ihu, kansa yana juyawa yana neman abin da ya saki yanzun nan. A mayar masa ya sake kamawa, ya sake saki. Farantin shinkafar ya sulale daga cinyata ban sani ba. Sau ɗaya na taɓa jin wannan kukan, kuma shekarun da suka wuce tun daga lokacin sun fi shekarun da uwar jikata za ta kai da tana raye.

Ina da ɗa kafin sauran shidan. Jikokina ba su sani ba, 'ya'yana ma sama-sama suka ji. A gidan nan na haife shi, da aka dawo da ni goyon ciki kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, a ɗakin da yanzu aka fasa wa ƙofa ta waje aka ba mai cajin waya haya. Lokacin gidan cike yake. Babanmu baduku ne, da safe ya tafi rumfarsa a Kasuwar Kurmi, ya bar gida a hannun mata: Innarmu, da yayarsa da muke kira Goggo, wadda ita ce mai yi mini wanka, da kuma Iya ungozoma, tsohuwar da ta yanke wa rabin unguwar cibiya, har da ni. Matan nan uku sun ji da ni. Goggo takan tsaya a kaina da ƙwaryar kunun kanwa ta ce, "Shanye, ba don daɗi ake ba ki ba." Inna ta gasa mini nama ta barbaɗe shi da yaji har sai na yi hawaye. Ban taɓa cin gata irin na kwanakin nan ba, kafin su ko bayan su.

Ɗan fari kuwa a wancan lokacin ba naka ba ne a gaban mutane. Ba ka kallonsa, ba ka yi masa wasa, ba ka kiran sunansa, in an tambaye ka lafiyarsa ka sunkuyar da kai. Sai an kawo shi an ɗora maka a cinya, kana kawar da fuska kamar an ba ka ajiyar da ba ka so. Haka na ga an yi, haka na yi. Amma in ɗaki ya zama ba kowa, nakan buɗe zanen in ƙirga yatsunsa. Yana da wani ɗan baƙin tabo a bayan kunnen hagu, ni kaɗai na san da shi, ko kuwa haka nake so in ɗauka.

Kwana uku na farko ba a ba shi nono ba, don a lokacin ana cewa dakashi, wato ruwan farko mai kauri, ba shi da kyau, sai ruwan ɗumi ake ɗiga masa. A na huɗu nono ya kawo mini, ya kawo da gaske. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, zanena ya jiƙe, ko motsi na yi sai ya zubo. Goggo ta ce, "Masha Allah, wannan ai ta ishi tagwaye." Aka ɗora mini shi. Ya kama, ya ja, ya saki da tari, ya banƙare yana ihu. Aka sake, ya sake. Wuni guda muna haka, shi yana kuka, ni ina zufa, mata masu zuwa barka suna kallon juna. Wata ta ce ko beli ne, a kira wanzami. Wata ta ce a nemo rubutu. Iya ungozoma kuwa, washegari da hantsi, bayan an fito da ni daga wanka, ta ce, "Yaro ba ya ƙin nono a banza. A kawo ludayi a gwada."

Gwajin sananne ne, kowa ya san shi, ba Iya ta ƙago ba. A tatsi nonon maijego a ludayi, a samo tururuwa a jefa a ciki. In ta fito ta kama gabanta, nono lafiyayye ne. In ta mutu, nonon yana da dafi, ba a ƙara ba yaro sai an yi magani. Iya ta riƙe ludayin duma, ta taɓa ni kaɗan, sai nono ya yi tsartuwa, kafin ta ɗauke hannu ludayi ya cika har yana zuba a yatsunta. Goggo ta je gindin katanga ta ɗauko tururuwa a kan tsinke, ta karkaɗe ta a tsakiya. Mata huɗu muka sunkuya a kan ludayin nan. Ina ganin ƙafafunta suna ta motsi, ta juya nan, ta juya can, ba ta kai gefe ba. A zuciyata ina ta cewa, fito, don Allah fito. Can ta daina motsi. Inna ta yi salati. Iya ta miƙe ta watsar da nonon a magudana, ta ce, "Allah Ya rufa asiri da yaron nan yana da wayo, ya ƙi sha."

Daga ranar aka raba ni da shi. Ba da faɗa ba, ba da mugunta ba, da lallashi. Aka mayar da shi ɗakin Inna, ni kuma aka shiga ba ni jiƙe-jiƙen saiwoyi masu ɗaci, ana wanke mini ƙirji da wani ruwan magani safe da yamma. Wata maƙwabciya mai goyo ta ba shi nata kwana biyu, amma nata ɗan ma da ƙyar yake ƙoshi, sai aka koma nonon akuya da ruwan rijiya, ana yi masa ɗura. Ni kuwa ƙirjina ya kumbura har zazzaɓi ya rufe ni. Kullum sai in zaga bayan ɗaki in tsuguna a gindin katanga in tatse a ƙasa, ƙasar tana shanyewa, ina jiyo kukansa ta tagar Inna. Ya yi kuka nonon ya ƙara zubowa. Da na iya buɗe baki da na ce a ba ni shi in sake gwadawa ko sau ɗaya. To da wane bakin? Yarinya ce ni, ɗan fari ne shi, kuma na ga tururuwar da idona.

Aka yi suna, aka yanka rago, aka yi ƙauri, mata suka cika gida. Ana miƙa shi hannu-hannu ana cewa ya yi kama da kakansa, ni ina ƙuryar ɗaki a lulluɓe. Bayan suna Iya ta sake gwaji, ludayi ya sake cika, tururuwa ta sake mutuwa, aka ƙaro magani. Shi kuma zawo ya kama shi. Kukan nan mai tsaga gida ya dinga raguwa har ya koma kamar na ɗan kyanwa, maɗigarsa ta faɗa, fatar cikinsa ta yi yaushi. Bai kai sati uku ba. Da la'asar ne, ina jin Babanmu ya dawo daga kasuwa ana yi masa magana ƙasa-ƙasa a zaure, sai Goggo ta shigo ta zauna kusa da ni ta ce, "Sai haƙuri, wanda Ya ba mu Ya karɓi abinSa." Aka naɗe shi a ɗan ƙyalle, Babanmu ya ɗauke shi a hannu, suka fita da maza uku. Ban bi su da kallo ba, don akwai mutane. Masu zuwa gaisuwa na ji suna cewa, "Ai ɗan abin da ya riga ya sha ne ranar farko, shi ya zauna masa a ciki." Babu wadda ta faɗa don ta ɓata mini rai. Amma na ji, na kuma riƙe: nonona ne ya kashe shi.

Da na sake haihuwa bayan shekara biyu, a gidan mijina ne, wata ungozoma ce daban. Tsoro ya hana ni ci, ya hana ni sha, nonon ma da ƙyar ya zo. Ta matsa ta matsa, ta samu 'yan ɗigo a gindin ƙwarya, ta saka tururuwa, tururuwa ta taka ta fice abinta. Aka yi guɗa, aka ce magani ya ci. Haka na shayar da shida, duk suka girma. Amma ban taɓa ɗora yaro a ƙirjina ba tare da gabana ya faɗi ba, ina kallon fuskarsa ina jira in ga ko dafin ya dawo. Wasu matan sukan ce shayarwa daɗi gare ta. Ni ban san wannan daɗin ba.

To, wannan ne kukan da na ji a ɗakin jikata. Na tashi da ƙyar na shiga, na tarar da ita ta yi wujiga-wujiga, rigarta a jiƙe, tana jijjiga shi tana duba waya da ɗaya hannun. Na ce, "Tatso mini kaɗan a kofi in gani." Ta ce, "Kaka, shayi za ki haɗa?" Amma ta tatsa, nan da nan kofi ya kusa cika. Na fita da shi na zaga baya, inda simintin ya tsage a gindin katanga, na samo tururuwa na jefa. Na tsaya a kanta ni kaɗai, babu Inna, babu Goggo, babu Iya. Ta yi ta motsi, ta daina.

Na daɗe a tsaye da kofin nan. In na yi shiru, kuma dafi ne, na kashe yaro da shiruna. In na yi magana, na san hanyar da maganar take bi, na taɓa bin ta har ƙarshenta. Daga baya na koma ɗakin na ce, "Kada ki ƙara ba shi. Nonon nan ba shi da kyau." Ta ɗago ta dube ni, ta ga ba wasan da muka saba ba ne. Idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Kaka, to me zan ba shi?" Muryar da na ji ta fito daga bakina ta Iya ungozoma ce, na ce, "A nemo madara, a yi miki magani." Yarinyar nan ba ta taɓa musa mini ba in ta ga da gaske nake. Ta ja rigarta ta rufe ƙirji, yaron yana ta ihu a cinyarta, ta kira mijinta tana kuka.

Mijin yaro ne mai ladabi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, ba ƙin maganarki muka yi ba, amma a bari mu je asibiti su duba tukuna. Mu tafi tare, ki ji da kunnenki." Na ce zan je, don in suka kawo shirme in tsaya musu. Muka shiga adaidaita sahu muka tafi.

Nas ɗin da muka samu ba ta kai 'yata ta uku ba a shekaru. Ta ce a ba shi nono ta gani. Ya kama, ya ja, ya ƙware, ya saki, nono ya yi tsartuwa har fuskarsa. Sai ta yi murmushi ta ce, "Maman jariri, ai arziki ne ya yi miki yawa. Ruwan yana zuwa masa da ƙarfi, ba ya iya haɗiyewa, shi ne yake ƙwarewa ya saki." Ta sa ta tatse kaɗan a kofi har ƙirjin ya yi laushi. Ta sa ta jingina da baya, ta kwantar da shi a kan ƙirjinta maimakon a ƙarƙashinsa. Ya kama. Na jira tarin, bai zo ba. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyarsa, ƙut, ƙut, ɗan hannunsa yana buɗewa a hankali. Da ya saki da kansa nas ta ɗora shi a kafaɗa ta shafa bayansa, ya yi gyatsa kamar wani babban mutum, suka yi dariya. Ta juyo ta ce, "Hajiya, kin ga angonki ya ƙoshi." Na ce, "Na gani." Duk abin bai kai tsawon dahuwar shinkafa ba.

Ban gaya wa nas maganar tururuwa ba, ban gaya wa kowa ba. Muka dawo gida, yaro yana sha yana barci, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, don tururuwar dai ta mutu, na gani. Washegari da hantsi jikata ta tatse na farkon a kofi kamar yadda aka koya mata, ta ajiye a ƙofar ɗaki za ta zubar. Na ɗauka na zaga baya, na tafi da ɗan faranti. Na ɗiga ɗigo uku a farantin, kamar yadda ungozoma ta biyu ta samu a gindin ƙwarya, na saka tururuwa. Ta taka cikinsa, ta fito, ta tsaya tana goge ƙafafu, ta gangara ta shige tsagar siminti. Na ɗauko wata na jefa a kofin. Nono ɗaya, daga ƙirji ɗaya, a safiya ɗaya. Ta yi ta juyi a tsakiya ba ta samu wurin dafawa ba, har ta daina.

Nutsewa take yi. Abin ke nan. Ludayina cika yake yi, tururuwa ta rasa tudu. Yawan da ya sa ɗana yake ƙwarewa, shi ne ya nutsar da ita, mu kuma muka ce dafi. Nonon da Goggo ta ce ya ishi tagwaye na yi ta zubarwa a gindin katangar nan, shi yana ɗakin Inna, taku goma tsakaninmu, yana mutuwa da yunwa.

Na zauna a ƙasa a wurin, abin da na daɗe ban yi ba saboda gwiwa. Na so in ji haushin wani, na rasa wa zan ji. Iya abin da ta gada ta yi, Inna da Goggo da za a ce su ba da jininsu don yaron da sun bayar. Ni kaina jiya-jiya na maimaita maganarsu kalma da kalma. Na so kuma in gaya wa wani cewa ashe lafiyata ƙalau, ashe ban kashe shi ba, ko kuwa ba ta hanyar da na zata ba. Duk wanda ya sunkuya a kan ludayin nan ya riga ni tafiya. Mijina ya tafi. Kabarin ma ban san inda yake ba, mata ba sa zuwa, kuma ban taɓa tambaya ba saboda kunya. Na yi kukan da ban yi ba a wancan lokacin, a bayan ɗaki, ina jiyo mai cajin waya yana sauraron rediyo ta cikin bangon ɗakin da na haihu.

Na juye sauran nonon a gindin katanga, na wanke fuska, na koma ciki. Jikata ta gama ba shi, ta ce, "Kaka, karɓi mijinki ki sa shi gyatsa, hannuna ya gaji." Na ɗora shi a kafaɗa yadda na ga nas ta yi. Yana da ɗumi, yana ƙamshin nono, kansa ya kwanta a wuyana. Ina shafa bayansa ina jijjigawa, ban san lokacin da bakina ya ce, "Yi haƙuri, Habibu, yi haƙuri, ka ƙoshi yanzu."

Jikata ta dube ni ta ce, "Kaka, ai ba a raɗa masa suna ba tukuna. Wane ne kuma Habibu?"

Na ce mata ɗana ne. Ranar ce na fara faɗin haka da bakina.